Boilarmu tana ɗaukewa kullum da yamma, tana nuna alamar ƙarancin wuta: a ina matsalar take?

Maman Hanifa, Manchesta

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wuta ko suka daɗe da zama a Ingila. Gidan haya muke ciki, irin tsofaffin gidajen nan na jan bulo da ke jere bango ɗaya, kuma boila guda ce mai amfani da gas take ba mu ruwan zafi, ita ce kuma take ɗumama ɗakuna. Yau kusan mako uku ke nan tana mutuwa da kanta, galibi tsakanin ƙarfe biyar da bakwai na yamma, wato daidai lokacin da yara suka dawo daga makaranta, na ɗora girki, babansu kuma ya shiga wanka. Idan ta mutu sai ta rubuta F7 a fuskarta, takardar da ta zo da ita kuwa ta ce ma'anar wannan lambar ita ce wutar lantarkin da ke shigowa ta yi rauni.

Mai gidan ya turo ma'aikacin gas ranar Talata da hantsi. Ya buɗe ta, ya auna abin da zai auna, ya ce bai ga komai ba, amma yana zargin fanel ɗinta, wato allon lantarkin da ke sarrafa aikinta, shi ne ya fara lalacewa, kuma in ta sake sai a canza shi. Ta sake a daren ranar. Ni abin da bai kwanta mini ba shi ne, ban taɓa jin fanel ɗin da ya san agogo ba, wanda zai yi lafiya lau da safe sannan ya jira magariba ya kwanta ciwo. Na kuma lura cewa ƙwan falo yana dusashewa duk lokacin da aka kunna shawar wanka, domin ita shawar tamu da lantarki take dafa ruwanta, ba ta da haɗi da boilar. Watan Disamba ne, tun ƙarfe huɗu saura rana take faɗuwa, ga jaririya 'yar wata biyar a hannuna. Shin da gaske boilar ce, ko kuwa wutar gidan ce? Kuma wa ya kamata in kira?

Baban Ummi, Kano

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya raya jaririya. Wallahi sai da na yi dariya da na ga Ingila ma ana kukan rabin wuta, domin mu nan abokiyar zamanmu ce. A layinmu idan zafi ya tsananta, kowa ya kunna abin sanyinsa bayan isha'i, sai ka ga fanka tana juyawa kamar an roƙe ta, firij kuma yana ta gurnani ya kasa tashi, har sai an kashe shi don kada injinsa ya ƙone. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: taransifoma ɗaya, gidajen da aka rataya mata sun fi ƙarfinta, kuma wanda yake ƙarshen layi shi ya fi shan wahala. Alamomin da kika faɗa duk nasu ne, don haka ina goyon bayanki cewa ba fanel ba ne. Shawarata ita ce ki sayi sitabilaiza ƙarama ki haɗa wa boilar, tunda ita ce mai ƙorafin. Da ita muke raya firij da talabijin shekara da shekaru.

Injiniya, Bamingam

Hajiya, barka da ƙoƙari, kuma kin yi kyakkyawan lura. Ni ma'aikacin wutar gidaje ne a nan ƙasar, ba na taɓa gas, saboda haka zan tsaya a ɓangarena. Malam Baban Ummi ya yi daidai wajen gano cutar, amma da izininsa zan saɓa masa wajen maganin, kuma zan faɗi dalili.

Boila mai gas ba ta cin wuta da yawa, abin da take ja bai fi na tsofaffin ƙwayaye biyu masu wat 60 ba, shi ya sa ma fis mai amfiya 3 ake sa mata. Sai dai duk aikinta a kan wannan 'yar wutar ya rataya: da ita fanka ke fitar da hayaƙi waje, da ita famfo ke zagaya ruwa zuwa ƙarafunan ɗumi na ɗakuna, da ita ake buɗe ƙofar gas a kuma ƙyasta wuta. Idan ƙarfin wutar ya faɗi ƙwarai, fanel ba zai iya lamunce cewa fanka tana juyawa yadda ya kamata ba, don haka sai ya rufe gas ya tsaya. Wato boilarki ba ta yi laifi ba, labari take ba ki. Wanda ya zo da hantsi kuwa ya zo ne lokacin da babu kowa a kan wuta, ba mamaki da bai ga komai ba.

A dokar wannan ƙasa, wutar da ake kawo wa gida bolt 230 ce, an yarda ta haura da kashi 10 cikin ɗari ko ta sauka da kashi 6, wato daga kusan 216 zuwa 253. Haka dokar ingancin wuta ta 2002 ta tanada. A aikace yawancin gidaje kusa da 240 za ki samu, domin shi ne tsohon ma'aunin Birtaniya kafin a daidaita shi da na Turai a 1995, kuma a takarda aka yi daidaitawar, ba a bi an canza taransifomomi ba. Saboda haka wutar da za ta faɗi har boila ta ɗauke ba ƙaramar faɗuwa ta yi ba. A Kano ana iya cewa halin layi ne, a jure. A nan kuwa, musamman idan gida ɗaya ne ke fama, abin da na fi tararwa shi ne wata mahaɗar waya ce ta saki ko ta ci tsatsa, kuma mahaɗar da ta saki zafi take yi duk lokacin da aka ja wuta mai yawa ta cikinta. Idan kika sa sitabilaiza, boila za ta yi shiru, ita kuma mahaɗar ta ci gaba da dahuwa a cikin akwati ba wanda ya sani.

Ga abin da za ki iya yi da kanki ba tare da kin kwance ko noti ɗaya ba. Akwai ƙaramin ma'auni da ake sokawa a soket kamar caja, yana nuna bolt a fuskarsa, ba shi da tsada. Ki soka shi a ɗakin kwana, ki rubuta abin da ya nuna da safe da kuma da yamma, sannan ki sa a kunna butar lantarki ki rubuta, a kashe ta a kunna shawa ki sake rubutawa. Gwajin shawar ya fi muhimmanci, domin tana da nata layin daban tun daga akwatin fis, kuma tana jan kusan amfiya 40, alhali buta 13 take ja. Idan an kunna ta a banɗaki amma wuta ta faɗi a ɗakin kwana, to raunin ba a wayar ɗaki ɗaya yake ba, yana can inda duk layukan suka haɗu ko kuma gabansa. Daga nan ki roƙi maƙwabta su bari ki gwada a nasu soket ɗin a daidai wannan lokacin, kuma ki gwada gida biyu ko uku, saboda a titi ɗaya akan rarraba gidaje a kan layuka uku, na kusa da ke zai iya kasancewa ba layinku ɗaya ba.

Kafin nan ki je inda mitarku take ki shinshina, ki duba da ido kawai. In kin ji warin roba ko wani ƙarni kamar na kifi, ko kin ga baƙi-baƙi, ko kin ji ƙara kamar ana suya, kada ki jira wani gwaji.

Hajiya Babba, Landan

Ƙanwata, ni ban san waya ba, amma na san masu gidajen haya. Dokar haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida alhakin gyaran abin ɗumama gida da na ruwan zafi da wayoyin wuta, don haka ko kwabo kada ki fitar a kan fanel. Duk abin da za ki gaya masa ki gaya masa a rubuce, da hoton fuskar boilar da ranar da lokacin, domin maganar baka a nan ba ta da shaida. Ki kuma nemi ya ba ki takardar binciken wayoyin gidan, tunda daga 2020 wajibi ne a Ingila a riƙa duba wutar gidan haya aƙalla duk shekara biyar. Duk wanda zai buɗe boilar kuma ki ce ya nuna miki katinsa na Gas Safe, wato shaidar rajistar masu izinin aikin gas. Ki rage yi wa jaririya wanka da yamma har a gyara, ki bari sai da rana.

Maman Hanifa, Manchesta

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, mun sayo ma'aunin jiya, ga abin da muka samu a ɗakin kwana. Da safe 238. Da yamma, babu abin da ke kunne sai ƙwayaye da firij, 236. Da aka kunna buta ya sauka zuwa 226, da aka kashe ta aka kunna shawa ya koma 204, da muka haɗa shawa da buta da tandar gashi kuwa sai da ya kai 187, kuma a gaban idona boilar ta yi wata 'yar ƙara ta ɗauke. Maƙwabciyata ta dama, wata dattijuwa Baturiya, ta bar ni na gwada a kicin ɗinta yayin da shawarmu ke aiki, nata 237 ne bai motsa ba, haka ma gidan hagu. Mitarmu tana cikin ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, inda muke ajiye takalma da buhun shinkafa. Na daɗe ina jin wani ƙarni a wurin, ina ta zargin busasshen kifin da aka kawo mana tsaraba, har na kwashe shi na zuba a firij amma warin bai tafi ba. Kusa da mitar akwai wani tsohon baƙin akwati da babbar waya ta shigo cikinsa daga ƙasa, kuma katakon da ke bayansa ya yi duhu daga sama.

Injiniya, Bamingam

Hajiya, ki ajiye komai ki kira 105 yanzu. Lambar kyauta ce, dare da rana, tana haɗa mutum da kamfanin da ke da wayoyin yankinsa, wanda daban yake da kamfanin da kike biyan kuɗin wuta. Ki gaya musu abu uku: wuta tana faɗuwa zuwa 187 idan an ja kaya, akwai warin ƙuna a akwatin babban fis, kuma akwai jaririya a gidan. Kafin su iso kada a kunna shawa ko tanda ko buta, ki fitar da takalman da buhun daga wurin, kuma kada kowa ya taɓa akwatin. In kin ga hayaƙi, ku fita ku kira 999, lambar agajin gaggawa.

Lissafin naki ya isa hujja. Shawa ta ci miki bolt 32 tana jan kusan amfiya 40, idan aka ninka su an haura wat 1,200 da ke ɓacewa a hanya kafin wutar ta iso akwatin fis ɗinku. Wani ɓangare yana bajewa a tsawon waya, wannan ba komai, amma tunda na maƙwabta bai motsa ba, mafi yawansa a wuri ɗaya yake taruwa, kamar an ɓoye ƙaramin rishon lantarki a ƙarƙashin matakalarku. Ƙarnin kifin nan kuwa warin irin robar da ake yin waɗannan akwatuna ne idan ta yi zafi, na sha jin masu gida suna neman mataccen ɓera a kansa.

Baƙin akwatin mallakar kamfanin wayoyi ne, an ɗaure shi da hatimi, ni kaina ba ni da izinin buɗe shi, balle mai gas ko mai gida. Mita ta kamfanin da ke sayar muku da wuta ce, abin da ya biyo bayanta zuwa cikin gida shi ne na mai gida. Abin da ya sa nake gaggauta ki shi ne, in wayar komawa ce ta saki, wadda muke kira nitural, a gidaje da yawa ita ce kuma ke ɗauke da wayar ƙasa ta kariya, kuma in ta tsinke gaba ɗaya wuta na iya hawa jikin famfo da ƙarafunan ɗumi da ita kanta boilar.

Baban Ummi, Kano

Injiniya, na janye sitabilaizata, na kuma ƙaru. Yanzu na tuna cewa namu katawut ɗin ma, wato akwatin babban fis da ke jikin bangon zaure, yakan yi zafi idan an tayar da injin rijiya, gobe zan nemo mai wuta ya duba shi.

Maman Hanifa, Manchesta

Alhamdu lillahi, an gyara. Na kira kamar yadda Injiniya ya ce, kuma mutum biyu suka zo a daren. Da suka cire murfin akwatin, babban cikinsu ya haska mini da tocila: notin da ke riƙe da wayar nitural ya ƙone ya yi fari-fari, robar gefensa kuma tana marmashewa a hannunsa kamar gawayi. Sun yanke mana wuta kusan awa biyu suna aiki, muka koma gidan dattijuwar nan da yara, ta haɗa musu shayi, suka sa sabon akwati ruwan toka ba tare da mun biya komai ba. Sun ce ɗaya daga cikin wayoyin da suka tashi daga mita zuwa akwatin fis ma ta sha zafi, wannan kuwa aikin mai gida ne, na tura masa hoto kamar yadda Hajiya Babba ta ce, ya yi alkawarin turo mai wuta ranar Litinin, kuma har lokacin mun bar shawar a kashe. Yanzu idan an kunna buta ma'aunin daga 238 zuwa 235 kawai yake sauka, boilar kuma kwana huɗu ke nan ba ta ɗauke ba, da tsohon fanel ɗinta. Kifin ma na fitar da shi daga firij, an yi miyar kuka da shi jiya.