Bamba da kejin ƙarfe a motocin shiga daji: abin da maƙera suka yi ittifaƙi a kai

Da maƙera suka tattauna yadda ya kamata a ƙera bamba da kejin ƙarfe a motocin shiga daji, maganar da ta fi yawa ita ce taurin bamba. Mai walda yakan so ya yi ta kamar garu, alhali an ƙera gaban motocin zamani ne don ya lotse ya shanye ƙarfin karo. In bamba ta ƙi lanƙwasa, bugun sai ya wuce ta shasi ya isa jikin mutanen ciki. Tana iya sauya lokacin da jakar iska za ta buɗe, kuma ta fi illa ga mai tafiya a ƙasa. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a ɗaure ta a mazaunin asali da ƙusoshi masu inganci, kada a toshe na'urorin gane karo.

Kan keji kuwa, wato firam ɗin sandunan ƙarfe da ke kare mutanen ciki idan mota ta kife, babu wanda ya yarda a ƙera shi da bututun ruwa. Bututun ƙarfe na DOM aka fi ambata, wato wanda ake ja a kan sanda a masana'anta don kaurinsa ya daidaita. Wasu sun fi son 4130, wani ƙarfe mai haɗin chromium da molybdenum, don ana iya rage kaurinsa, amma waldarsa sai gwani. A haɗa sanduna su zama kusurwa uku-uku, ƙafafun su sauka kan faranti masu kauri da ke haɗe da shasi, don kada su huda ƙasan motar idan ta kife.

Abin da ake yawan mantawa shi ne kai. Sanda kusa da kan da ba hular kwano haɗari ce ko a ƙaramin karo, saboda haka a nisanta ta, a naɗe ta da soso mai tauri, bel kuma ya riƙe mutum daram.