Neman shawara: an bar ƙanena mai sikila yana murƙususu a asibitin Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana karatun digiri na biyu a Ingila, kuma yana da sikila. Daren Talata ciwon ya tashi, na kai shi sashen gaggawa. Awa huɗu yana duƙe a kujerar roba, ya danne ƙirji da gwiwa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Da ya faɗi sunan allurar da aka saba yi masa, sai nas ɗin ta kalle shi sheƙeƙe, wai ya aka yi ya san sunan magani haka. Wato ɗan ƙwaya ta ɗauke shi. Yaron da aka karɓi fam 776 na kowace shekara a hannunsa, kuɗin lafiya, kafin a ba shi biza! Mu kai ƙara ko mu bar wa Allah? Mama tana tsoron kada a taɓa masa takardu.

Maman Ilham: Sannu 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar wa Mama da hankali, koken asibiti ba ruwansa da biza.

Anti Nas: Ƙanwata, aikina ne, kuma wallahi ina ganin irin wannan. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a ba mai sikila maganin zafi cikin minti 30 da isowarsa. Ki rubuta lokacin da kuka shiga da lokacin da aka yi allurar, yau ɗin nan kafin ki manta, ki kai PALS, ofishin sauraron koken marasa lafiya na asibitin. In amsarsu ba ta gamsar ba, ki shigar da koke a rubuce, kina da wata 12. Sannan ya nemi likitan jininsa ya rubuta masa tsarin kulawa, ya ajiye hoton a waya. Takarda suke ji, ba kuka ba.

Abban Sadiq: Ni dai a ganina cunkoso ne, su ma Turawan suna kwana a layi.

Anti Nas: Malam, cunkoso ne ya sa ta zarge shi da shaye-shaye? A 2019 wani mai sikila, Evan Nathan Smith, ɗan shekara 21, daga kan gadon asibiti a Landan ya kira lambar gaggawa ta 999 saboda an hana shi iskar oksijin, daga baya ya rasu. Rahoton 'yan majalisar Birtaniya da ƙungiyar masu sikila ta Sickle Cell Society na 2021 ya ambaci wariyar launin fata ƙarara.

Mai tambaya: Na gode Anti. Na duba wayata, 11:40 muka shiga, 3:50 aka yi allurar. Gobe da safe ina PALS in sha Allah.