Aji uku don yaran 'yan gudun hijira: ƙasa ko siminti?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum. Ƙungiyarmu ta samu fili wajen Gidan Runji, za mu yi aji uku don yaran da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato. Kuɗin bai kai na siminti ba. Mu yi ginin ƙasa? Kwano kuma ba ma so, ƙarar ruwa a kansa firgita yaran take.

Ɗan Gulbi: Siminti ai ya sauka a 2024, tan ɗaya ya koma jika 57, wato sefa dubu 57. Ko ku kafa rumfar zana tukuna.

Mushe Ila: Zana? A Nuwamban 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a nan Maradi, yara fiye da 20 suka rasu. Zana busasshiya, ƙofa ɗaya, iskar hunturu na kaɗawa, aji manne da aji. Kafin a ɗebo ruwa an gama. Kada a sake ambatonta. Simintin ma jika 57 a takarda ne, a kasuwa buhu ɗaya jika uku da rabi, ban da amalanke.

Sani Magini: Allah ya jiƙansu. Hajiya, yi na ƙasa. Tushe dutse da siminti, ya ɗago santimita 40, don fantsamar ruwa ce ke cin gindin bango. Kaurin bango ma 40. Tagogi kudu da arewa. Bangon gabas a ninka masa yaɓe da makuba, daga can ruwa ke bugowa. Ban da yaɓen siminti kan ƙasa, ba sa riƙe juna, ɓanɓarewa yake. Indararo dogo. Bedi a nesanta shi da bango saboda saiwa.

Injiniya Habu: Tubalin ƙasa da inji ke matsewa ya fi, a gauraya da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, irin aikin mai zanen gini Mariam Issoufou a Dandaji, jihar Tawa. Rufi biyu kamar lakwal ɗin da mai zanen gini Francis Kere ya gina a Gando ta Burkina Faso: tubali a ƙasa, kwano a ɗage, iska na ratsa tsakani, zafi da ƙara su ragu.

Sani Magini: Injiniya, a Gidan Runji wa ke da injin? Ƙasar can yashi ce, sai an ɗauko laka daga gulbi.

Ɗan Gulbi: Habu ko akurkin kaji bai taɓa ɗorawa ba, sai a kwamfuta.

Mushe Ila: Ku bar wasa. Ruwan kwaɓa fa? Mata na kwana layin rijiya, wane ne zai ba ku duro goma na tubali? Porje ta zo ta haƙa fanfo, ya lalace, babu mai gyara.

Hajiya Rabi: To yanzu, Malam Sani, dubun tubali nawa?