Taƙaitawa: Shaye-shayen direbobi a hanyoyin Zamfara

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan shaye-shayen direbobi a Zamfara da yadda za a magance shi.

1. An yi ittifaƙi cewa tun da aka hana sayar da giya a jihar, abin ya fi karkata ga tramadol, wiwi da kodin. Direbobin dogon zango kan sha don kore barci.

2. Tramadol na jawo jiri da gyangyaɗi, idan ta yi yawa har jijjiga kamar farfaɗiya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen taka birki ya isa a rasa rayuka, Allah ya kiyaye.

3. Goro, shayi ko wanka ba sa fitar da giya daga jini. Hanta ce ke aikin, a hankali.

4. Na'urar busawa ta hukumar kiyaye haɗurra (FRSC) giya kaɗai take ganowa. Ƙwaya sai gwajin fitsari, jini ko yawu, shi ya sa aka nemi hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi (NDLEA) ta riƙa shiga tasha kafin lodi.

5. Inda aka rabu: wasu na son a ƙwace lasisin direban da aka kama nan take. Wasu suka ce kuɗin balas na kullum da ake kai wa mai mota ke hana direba hutawa, a tilasta direba biyu a tafiyar Gusau zuwa Legas. Ni ma nan na karkata.