Ƙanena ba ya barci sai da ƙwaya tun da ya dawo daga daji. Wanne za a fara yi wa magani?

Maman Ilham, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya fi ƙarfina.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 26. Direba ne, a tashar Mando yake lodi. Shekara biyu ke nan 'yan bindiga suka tare su a hanyar Birnin Gwari, gaba da Buruku kaɗan, suka kora su daji. Kwana 23 ya yi a hannunsu. A gaban idonsa suka harbe wani dattijo cikin fasinjojinsa don ya kasa tafiya. Sai da muka sayar da filin Baba da keken ɗinkina ɗaya kafin kuɗin fansa ya cika.

Da ya dawo aka yi sadaka, aka yi ta zuwa barka, kowa ya ɗauka an wuce wurin. Maigidana ya ba shi shagon ƙofar gida. To ni ce nake jin motsinsa. Ƙarfe biyun dare yana zagaya tsakar gida. Da takalmi a ƙafa yake kwanciya, har yau. In babura biyu ko uku suka wuce layinmu a jere, sai ka ga ya daskare, gumi na keto masa. Wata rana ina shanya katifarsa na ga ledar ƙwayoyi a cikin rigar filo: taramol mai lamba 225, da wasu ƙanana da ya ce na barci ne, diyazafam. Na yi kuka na tambaye shi, ya ce, "Yaya, in ban sha ba mutumin nan nake gani."

Mun kai shi wata cibiya ta kuɗi, ya yi wata uku a kulle. Ya fito ya yi ƙiba, muka yi ta murna. Kwana goma sha ɗaya ya koma. Na kai shi wani asibitin kuɗi na yi bayanin mafarkan, aka ce ya fara daina shan ƙwaya tukuna, sannan mu dawo a duba sauran. Kawunmu ya ce a kai shi gidan mari. Inna ta ce iska ya shafo a daji.

Don Allah masu sani, shaye-shayen ne ciwon, ko abin da ke cikin kansa? Wanne ake fara kamawa?

Nas Rahila, Kakuri

Maman Ilham, sannu. Allah ya ba ki ladan riƙon nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ba likita ba, kuma ban ga ƙanenki ba. Amma amsar tambayarki ba ta da wuya: tare ake kama su, a wuri ɗaya, a hannun mutanen da ke magana da juna.

Ki duba abin da ya faɗa miki da bakinsa. Ba daɗi ya je nema ba, barci ya je nema. Wata ukun nan an raba shi da ƙwaya, amma ba a raba shi da dattijon da yake gani ba. Ya fito, dare ya yi, sai ya koma ga abin da ya sani. Haka nan in aka ce sai ya daina kafin a saurare shi, kamar a ce wa mai karaya ya ajiye sanda ya taka da ƙafarsa kafin a yi masa ɗori.

Alamun da kika zayyana, mugun mafarki, firgita da ƙarar babur, zama cikin shirin gudu kullum, sun yi kama da ciwon firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali. Likitoci na kiransa PTSD. Sau da yawa ciwon damuwa na tafe tare da shi. Yana da magani, kuma babban maganinsa zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, mako-mako, a bi abin da ya faru a hankali har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa ya wuce. Wani lokaci a haɗa da ƙwayar damuwa.

Ga abubuwan da nake so ki riƙe da kyau.

Kada ki kwashe ƙwayoyin ki zubar ki ce daga yau an gama. Wanda jikinsa ya saba da diyazafam kullum, in aka yanke masa lokaci guda yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana iya kisa. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan, a ƙarƙashin likita. Shi ma taramol yana kawo jijjiga in an sha da yawa. A asibiti mai miligiram 50 ko 100 muka sani, mai 225 ɗin nan na bayan fage ne. Haɗa shi da maganin barci kuma yana danne numfashi. In kin taɓa ganin ya yi barcin da ba ya tasuwa, numfashi na fita da ƙyar, leɓe ya canja launi, a garzaya asibiti mafi kusa nan take.

Ku gaya wa likita gaskiyar duk abin da yake sha, da adadinsa, ku tafi da ledar ma. Wasu magungunan damuwa ba sa jituwa da taramol sam, haɗuwarsu na kawo zazzaɓi, karkarwa da ruɗewa. Kunya a nan tana iya jawo a rubuta masa abin da zai cutar da shi. Kuma maganin damuwa ba kamar na ciwon kai ba ne, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa. A wannan tsakanin ne mutane ke cewa bai yi ba su watsar.

Na ƙarshe ya fi nauyi. Ki zauna da shi ku biyu ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu, ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. In ya ce e, kada a jira, a kai shi asibiti.

Wurin zuwa: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana duba duka biyun. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. Gwamnatin jiha ma tana da hukumar kula da matsalar shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, KADSAMHSA, wadda a da ake kira KADBUSA, aikinta ke nan.

Ɗan Asabe

Ni dai a ganina ana lallaɓa yaran nan da yawa. Mutum nawa aka sace suka dawo ba su sha komai ba? Ya ji tsoron Allah ya daina kawai.

Abban Sadik, Rigasa

Ɗan Asabe, da tsoron Allah kaɗai ke raba mutum da ita da ban kai shekara bakwai ina sha ba, don ina sha ina kuka a kan sallaya.

Anti, ni na bi hanyar da kawunku ke so. Wiwi da kodin nake sha. Lokacin da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 ban daina ba, taramol na koma. Aka kai ni gidan mari na yi wata takwas. Har yanzu in na naɗe wando tabon ƙarfen na nan a idon sawuna, fari, ya zagaye kamar zobe. Mu 'yan Rigasa ba za mu manta Satumban 2019 ba, ranar da 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa. Ƙanenki a ɗaure ya yi kwana 23 a daji. Ki yi tunanin abin da sarƙa ta biyu za ta yi masa.

Ni nawa ciwon daban ne. Nakan yi mako biyu ba barci, ina ta surutu, ina rabar da jarina, ina jin babu kamata a garin nan. Sai kuma in faɗi, wata biyu ko wanka ba na iya yi. Kowa ya ce wiwi ce. Likitar da ta gano ni ta ce mu jira mu gani: in ƙwayar ce kaɗai ke jawo shi, ya kamata ya lafa cikin kamar wata guda da dainawa. Ina kwance a asibiti, fitsarina ya nuna babu komai, amma abin ya sake tasowa. Sannan ta tambayi mahaifiyata, aka tuna tun ina aji huɗu na sakandare nake haka, kafin in san ko sigari. Tun da aka ɗora ni a kan maganin daidaita yanayi shekara huɗu ke nan, ina da shagon gyaran waya, na yi aure.

Abu biyu zan ƙara a kan na Anti Nas. Ke ki riƙe magungunan asibitin, ki riƙa ba shi da hannunki. An taɓa haɗa min da Exol saboda sandarewar jiki da wani maganin ke sa ni, na shanye na mako biyu a kwana uku, don shi ma abin maye ne a wurinmu. Na biyu, in ya zame ya sha bayan ya daɗe bai sha ba, kada ki kore shi, amma ki sani lokacin ne ya fi haɗari. Jiki ya manta, shi kuma zai ɗauki adadin da ya saba. Haka muka binne wani abokina, sati ɗaya da fitowarsa.

Sannan in zai yiwu kada ya koma tashar yanzu. Mai sayar masa yana can, hanyar ma tana can.

Malam Na Kawo

'Yata, kada ki yi jayayya da mahaifiyarku a kan iska. Ki bar ta ta yi masa tofi da addu'a, Alƙur'ani waraka ne. Sai dai ki tuna mata hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, ki roƙe ta ta raka ku asibitin da ƙafarta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka, da ɗauri, da mai cewa a ajiye maganin likita. Kawunku kuma a sanar da shi cikin ladabi cewa zamani ya canja ko a doka: a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma ta ba mai irin wannan lalura haƙƙin a kula da shi da mutunci.

Maman Ilham, Tudun Wada

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Anti Rahila, jiya bayan isha'i na kai masa tuwo shago na zauna a bakin katifa na yi masa tambayar. Ya daɗe bai ce komai ba, yana ta murza igiyar takalminsa. Sannan ya ce sau biyu, na ƙarshen da azumin bana. Ban san haka ba, ga shi bango ɗaya ne tsakaninmu.

Ban bar shi ya kwana a shagon ba, a falo suka kwana da maigidana. Ledar na wurina, ban zubar ba, na ba shi na daren kamar yadda ya saba. Na karanta masa abin da Abban Sadik ya rubuta, ya ce in sake karanta wurin tabon. Yanzu haka Inna na sa hijabi, mai keke na jiranmu a waje, Barnawa za mu. Ku sa mu a addu'a.