Me za mu kira dimenshiya, me kuma za mu kira maganinta?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Wata huɗu ke nan da likita a nan Gombe ya ɗora Goggo a kan donepezil, ƙwaya ɗaya kowane dare. Jiya yayana ya ɗaga kwalin ya ce, "Ba maganin mantuwa aka ce ba? Har yau da sunan marigayi Baba take kirana. A daina ɓarnar kuɗi." Nan na gane sunan da muka laƙaba wa maganin ne ya cuce mu.

2/ Shi kansa ciwon na Goggo, wato dimenshiya, mun saba ce masa gigin tsufa. Sunan na sa a ɗauka duk tsoho haka zai ƙare, sai a bar shi a ɗaki ba asibiti. Alhali matar da Alois Alzheimer, likitan Jamus, ya yi bayanin ciwonta a 1906 shekararta 51 aka kwantar da ita. Hauka kuwa kada ma a ambata. Japan sai da ta sauya sunan cutar a 2004 saboda tsohon yana muzanta masu ita.

3/ "Cutar mantuwa" ta fi, amma ta yi kaɗan. Goggo ta zuba sukari a miyar kuka. Matar da ta shekara talatin tana sayar da daddawa ta kasa ƙirga canjin ɗari biyar. Wannan ya wuce mantuwa. Ni na fi natsuwa da dusashewar ƙwaƙwalwa, yadda fitila ke yi idan kananzir ya ja baya.

4/ Sai maganin. Donepezil yana hana saurin rushewar wani sinadari, asitilkolin, da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. Ba ya tayar da ƙwayoyin da suka mutu, ba ya tsayar da cutar. Shi ya sa likita ke auna amfaninsa da gwajin tambayoyi mai maki 30, ya kuma tambaye mu: tana alwala da kanta? Tana cin abinci? Ya duba illa ma, tashin zuciya, gudawa, raguwar bugun zuciya.

5/ Na fara cewa maganin tallafin ƙwaƙwalwa. Sai wata malamar jinya daga Azare ta rubuto: "Tokara, kamar yadda ake tokare katanga da azara a damina." Wallahi ya zauna min. Da shi zan je wa yayana yau da dare. Malaman Hausa, "maganin tokara" ya yi, ko akwai gyara?