Zobban dutsen kunnen kifin murjani: shekaru ne da gaske?

Mai Awon Tsawo: Salamu alaikum jama'a. Ni fa har gobe ban gamsu ba. Ana cewa idan ka yanka dutsen kunnen kifi, wato ɗan ƙaramin dutsen da ke cikin kansa, ka ƙirga zobbansa, kamar yadda ake ƙirga na kututturen itace, ka san shekarunsa. A tekun Turai na yarda, don hunturu kan tsayar da girman kifi, layi ya fito. Amma ruwan da murjani, ƙananan halittun da ke gina duwatsu a teku, ke rayuwa ɗumi gare shi kusan duk shekara. To me zai zana layin? Gara mu tsaya kan awon tsawo: ga arha, ga shi ba sai an fasa kan kifi ba.

Ɗalibar Bincike: Wa alaikumus salam Yaya. Ai an daɗe da gwada wannan. Akan yi wa kifi allurar oksitetirasaikilin, a sa masa alama a sake shi. Maganin kan bar layi a dutsen, wanda ke ƙyalli idan an haska shi da hasken ultarabayolet. Bayan shekara ɗaya ko biyu a sake kama shi, a ƙirga zobban da suka ƙaru bayan layin. An yi wa kifaye da dama haka a Great Barrier Reef, babban jerin duwatsun murjani na Ostareliya, zobe ɗaya aka samu a shekara.

Mai Awon Tsawo: Ƙanwata, can ɗin akwai lokacin sanyi, ko da ba mai tsanani ba. Ki matso kusa da ikwaita, layin tsakiyar duniya, mu gani. Kuma ki ba mutum biyu yanka ɗaya, wannan ya ce 12, wancan ya ce 17.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Nan kam yaron nan ya faɗi gaskiya. Dutsen sau da yawa bai fi farce ba. Sai ka binne shi cikin danƙo ya daskare, ka yanko tsakiyarsa da zarto mai bakin lu'ulu'u, kaurin kamar rabin milimita, ka goge, sannan ka ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Zoben farko shi ne mai rikita mutum. Na bakin gefe kuma, a tsohon kifi, sun cushe har sai idonka ya yi ruwa. Kuma lalle kana kusantar ikwaita suna dusashewa. Sai dai maganin wannan shi ne a tabbatar da ƙirgan ga kowane nau'in kifi, abin da masana Beamish da McFarlane suka yi ta jan kunne a kai tun 1983. Ba a zubar da aikin gaba ɗaya ba.

Malamar Kimiyyar Kifi: Bari in koma kan awon tsawon, don nan ne haɗarin yake. Masana Choat da Axe, a 1996, sun duba kifayen nan masu aska a gindin wutsiya. Suka ga suna cimma kusan dukkan tsawonsu a 'yan shekarun farko, sannan su tsaya cak, alhali wasu na kai shekara 30 zuwa 40. Ke nan kifi biyu tsawo ɗaya, ɗaya yaro ɗaya kakansa. Manhajar ELEFAN, mai ƙiyasta girman kifi daga awon tsawo, da masani Daniel Pauly da abokin aikinsa suka fito da ita a farkon shekarun 1980 tana da amfani ga kifi mai saurin girma, gajeren rai. A kan irin masu askar nan kuwa, tsofaffin duk su dunƙule wuri ɗaya a jadawali. In ka rage wa kifi shekaru, lissafinka zai nuna yana saurin mutuwa yana saurin maye gurbinsa, sai hukuma ta ba masunta izinin kama fiye da abin da ruwan zai iya ɗauka.

Mai Awon Tsawo: Malama na ji. Amma allurar nan shekara ɗaya ko biyu kawai take shaida. Wa ya shaidi shekara 50?

Ɗalibar Bincike: Bama-baman nukiliya, Yaya. Gwaje-gwajen da aka yi a sararin sama a shekarun 1950 da farkon 1960 sun ƙara wani nau'in sinadarin kabon, kabon-14, a iska, ya shiga teku. Dutsen kunne ba ya narkewa ya sake ginuwa kamar ɓawon jikin kifi, saboda haka cibiyarsa tana riƙe da kabon ɗin shekarar da aka ƙyanƙyashe shi. A auna cibiyar, a gwama da abin da murjani ya adana na waɗannan shekarun, a ga ko ya dace da ƙirgan zobba. Masani John Kalish ya fara yin haka a 1993 da wani kifin New Zealand.

Malamar Kimiyyar Kifi: Kuma a 2020 an ba da rahoton wani kifin murjani, dangin da ake kira sinafa, daga Rowley Shoals, yammacin Ostareliya, mai shekara 81. Da ma'auni kaɗai wa zai ce haka?

Mai Awon Tsawo: To, wane ƙaramin ofishin kula da kamun kifi ne ke da zarton lu'ulu'u, balle kuɗin awon kabon?

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Ba kowane kifi ake yanka ba, ɗana. Ka auna dubu, ka ciro dutsen kaɗan daga kowane rukunin tsawo. Ko nauyin dutsen ma yana taimakawa, don shi yana ci gaba da kauri bayan jiki ya daina tsawo. Sikeli mai kyau kake buƙata.

Mai Awon Tsawo: Baba, na karɓi wannan ga nau'in da aka tabbatar. Wanda ba a yi wa allura ko awon kabon ba, musamman na kusa da ikwaita, zan rubuta "zobba 20" a rahotona, ba "shekara 20" ba.

Malamar Kimiyyar Kifi: Rubuta hakan. Amma ka aiko da duwatsun, kowanne a ambulan ɗinsa, da tsawon kifin da watan da aka kama shi.